Fijo 504 Haɗin Kaduna, Motar da Sassanta Suka Sauko Daga Sama

Duk Asabar ɗin da na fito da ita daga Kubwa na miƙa kan babban titin shiga garin Abuja, sai an samu wanda ya ɗaga mini hannu. Wani ya danna hon, wani ya sauke gilashi a danja ya leƙo: "Alhaji, don Allah ta sayarwa ce?" A'a ɗan'uwa, ba ta sayarwa ba ce. Peugeot 504 ce, wadda kowane Bahaushe ya sani da Fijo, fara tas, haɗin Kaduna, kuma har ga Allah ban taɓa shiga motar da ta kwanta mini a rai kamarta ba. A hannun mahaifina na gaje ta, shi kuma da bashin motar ma'aikata ya saye ta sabuwa fil, da ledarta a kujeru.

Sai wanda ya tuƙa ta zai gane abin da nake faɗi. Ka rufe ƙofarta ka ji nauyin ƙarfe, ba ƙarar gwangwani ba. Kujerarta kamar ka kishingiɗa a kan tumtum. Ta faɗa rami ta fito, jaririn da ke barci a baya ko motsi bai yi ba. Ka ɗaga bonet, komai ga shi a sarari: ga kafireto, ga lagireto, ga filogi huɗu a jere, hannunka na kaiwa ko'ina. A 1968 Faransawa suka fito da ita, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, inda laka da duwatsu ke karya motocin da suka fi ta tsada. Kai, wannan mota ta cika mota!

Amma abin da ya fi sace mini zuciya game da ita ba ya cikin bonet. Yadda aka yi sassanta suka haɗu wuri guda a Kaduna, shi ne labarin da ba na gajiya da bayarwa, ko a gidan suna ko a layin mai.

Kamfanin Toyota ya ce idan aka ƙirga har da ƙananan kusoshi, mota guda tana ɗauke da sassa kusan 30,000. Babu masana'antar da ke yin su duka a ƙarƙashin rufi ɗaya. Mai taya daban, mai gilashi daban, mai batir daban, mai soson kujera daban, kowa da garinsu, wani ma da ƙasarsu. Kuma layin haɗa mota ba ya jiran kowa. Noti ɗaya ya makara a hanya, ma'aikata ɗaruruwa sun tsaya sun harɗe hannu, motoci rabi da rabi sun yi cirko-cirko. Saboda haka a kowace masana'antar mota akwai wasu bayin Allah da ba a sa hotonsu a kalanda, waɗanda aikinsu shi ne su san me ya rage a sito, me ke kan teku, me ke hannun kwastan, wace tirela ce ta lalace a wane ƙauye, da kuma ranar da ya kamata a sake yin oda. Su ne gwanayena.

To, ku ji abin da gwanayen nan suka yi a 1975. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, a 1972, aka gina masana'antarsa a unguwar Kakuri ta Kaduna, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1975. Tsarin shi ne motar ta taso daga Faransa a warwatse cikin akwatuna, ƙofa daban, inji daban, bodi falle-falle, a sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas, a yo Arewa da ita a haɗa. Sai dai shekarar ce aka yi rikicin siminti. Kuɗin mai ya shigo, gwamnati ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Apapa za ta iya saukewa, jiragen ruwa sama da 400 suka yi layi a bakin teku, wasu suka shafe watanni suna jira har simintin ya daskare a cikinsu. Duk kayan da ya biyo wannan hanya ya shiga rigar ƙaya. Ga sabuwar masana'anta, ga ma'aikata an horar, ga masu saye sun ƙagu, hanya kuwa ta toshe.

Wasu da sun rufe ƙofa sun ce a jira Allah Ya kawo sauƙi. Su waɗannan sai suka ɗaga kai sama. Aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin jiragen saman Faransa mai suna UTA, aka riƙa loda sassan motoci a manyan jiragen dakon kaya daga filin jirgin birnin Lyon, ana sauke su a filin jirgin saman Kano, daga nan tireloli su ɗauka su bi ta Zariya su gangara Kakuri, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka. Ba sau ɗaya ba, ba wata ɗaya ba, shekaru aka yi ana wannan safara, har Faransawa suka riƙa kiranta gada ta sararin sama. Ku tsaya ku auna: ƙarfen mota, abin da kowa ya san sai jirgin ruwa, shi aka tsallaka da shi Sahara ta sama don kada layi ya tsaya a Kaduna. Duk lokacin da na tuna da wannan sai tsigar jikina ta tashi.

Abin ya ƙara yi mini daɗi da ya kasance Kano ce masaukar. Birnin da ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas suka yi ɗaruruwan shekaru suna sauke kaya a cikinsa, shi ne dai ya karɓi wannan sabon ayari mai fukafuki. Mu ai ba baƙin wannan ilimi ba ne. Madugun da ke kai fatake Gwanja sayen goro ya san zango nawa ne a gabansa, ya san inda ruwa yake, ya san sarkin da za a ba gaisuwa kafin a wuce, ya san idan hanya ta ɓaci wacce za a ratse a bi, ya kuma san kwana nawa goro zai yi kafin ya fara lalacewa. Wanda ya zauna a ofis ya ce tunda teku ta cushe a bi ta sama, madugu ne cikakke, rawani kawai ya rasa.

Ba kuma komai ne ke zuwa daga Faransa ba. Sannu a hankali masana'antun gida suka shiga sarƙar. Michelin na yin taya a Fatakwal, Dunlop na yi a Ikeja, ana yin batir da gilashin mota a Ibadan, ga masu kujeru, ga masu fenti. Ita kuma Fijo ba ita kaɗai ba ce a fagen: akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu. Idan na zauna a cikin tawa, ji nake kamar rabin Najeriya ne ya sa hannu aka miƙo mini ita.

Abuja kuwa ai a bayan Fijo ta girma. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar sabon babban birni. Bayansa gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar gwamnati tun daga kan shugaban ƙasa. Lokacin da hukumar raya birnin ke zaune a Suleja, Garki da Wuse suna ƙauyukan Gbagyi da jar ƙasa, irin motocin nan ne ke kai injiniyoyi da masu awon fili suna dawo da su. Ranar 12 ga Disamban 1991 da gwamnati ta tare a Abuja, duk harabar ma'aikatar da ka leƙa zakin Fijo ne ke kallonka.

Abin da ya biyo baya ba na son daɗewa a kansa, don yana sosa mini rai. Daga 1986 darajar naira ta fara zubewa, sassan da ake saya da kuɗin waje suka yi tsada, motocin gwanjo suka malalo ta Kwatano. Ƙarafan masana'antar Ajaokuta da aka sa wa rai ba su zo ba. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina yin taya a 2008. A tsakiyar shekarun 2000 aka haɗa 504 ta ƙarshe a Kaduna, bayan Turai ta daɗe da daina yin ta.

Na ɗauka shi ke nan sarƙar ta tsinke, sai da wata Talata allurar zafin inji ta haura ina daidai Area 1. Na lallaɓa na kai ta Apo, unguwar kanikawa, wurin wani dattijo da ya fi shekara talatin yana taɓa Fijo. Bai ko tambaye ni ba. Ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara marikin a kunnensa, ya lumshe ido.

"Alhaji, famfon ruwa ne ya gaji."

"Baba, za a samu kuwa? Motar nan ta girmi yaran shagonka."

"Za a samu, in sha Allahu. Zauna ka sha ruwa."

Ya aiki yaro wurin wani mai sayar da kayan gyara a layin baya. Babu a shagonsa. Nan take mutumin ya ɗaga waya ya kira ɗan'uwansa a kasuwar Ladipo ta Legas, aka ɗauki hoton tsohon famfon aka tura ta WhatsApp, kafin in gama shan ruwan hoton irinsa ya dawo. Baba ya kai wayar kusa da idonsa, ya ƙirga ramukan noti, ya gyaɗa kai. Da magariba an naɗe famfon a kwali an ba direban motar dare, da hantsi yaro ya karɓo shi a tashar Utako, kafin azahar injina na kaɗawa lafiya lau. Tafiyar sama da kilomita 700, ba takarda, ba sa hannu, ba lauya. Amana ce kawai da lambar waya. Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini.

Duniya na yabon Toyota da tsarin da Taiichi Ohno ya gina, na cewa kada a tara kaya a sito, kowane sashe ya iso daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ni ma ina cikin masu yabon. Abin da ya fi burge ni a tarihinsu shi ne gobarar watan Fabrairun 1997, wadda ta cinye masana'antar Aisin mai yi musu wani ƙaramin bawul na birki. Abin da ke hannunsu bai wuce na 'yan kwanaki ba, layukansu suka tsaya. Sai sauran kamfanonin da ke kawo musu kaya suka taru, kowa ya karɓi zane ya juya injinansa ya fara yin bawul ɗin, cikin mako guda aka koma aiki. Wannan ai gayya ce, irin wadda ake yi wa maƙwabci idan gonarsa ta fi ƙarfinsa. Ita na gani da idona a Apo, tsakanin dattijo Bahaushe da ɗan kasuwa ɗan ƙabilar Ibo da direban da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Shi ya sa nake bibiyar duk wani motsi na farfaɗo da wannan sana'a kamar yadda wasu ke bibiyar ƙwallo. A nan Abuja hukumar NADDC take, mai kula da tsarawa da bunƙasa ƙera motoci, wadda Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, mai zanen Chevrolet Volt a Amurka, ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. A Nnewi, Innoson na haɗa nasa motocin. A 2018 aka buɗe tashar sauke kwantena ta kan tudu a Kakuri, unguwar da tsohuwar masana'antar take. A 2022 kuma Dangote da kamfanin Stellantis, mai Peugeot a yanzu, suka fara haɗa sababbin Fijo a wata masana'anta da ke gefen hanyar Kaduna zuwa Abuja. Addu'ata ita ce in ga ranar da tayar da ke ƙarƙashinsu da batirin da ke cikinsu za su sake zama na gida, masu yin su kuma su yi layi a bakin ƙofa kowace safiya.

Mako mai zuwa akwai ɗaurin aure a Zariya, kuma da ita zan tafi, tare da babban ɗana. Zan rage gudu daidai sabuwar masana'antar ya ga ƙofarta, mu ratsa Kakuri in nuna masa inda aka haɗa motar kakansa, sannan mu hau hanyar da tirelolin Kano suka riƙa gangarowa. Baba ya riga ya canza mata baƙin mai, ya duba birki, ya kuma jefa mini fanbel guda a but.