Baƙon malami a karkara: wa ke ba da labarin wa?

Tun shekarar 1962 ƴan sa-kai na Amurka, waɗanda aka sani da Corps de la Paix, suka fara shigowa Nijar, kuma koyar da Ingilishi ne aikinsu na farko. Fiye da 3000 ne suka zauna cikin ƙasar kafin a kwashe su a watan Janairu na 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai. Garuruwa irin su Matamaye, cibiyar gundumar Kance da ke kudu maso yammacin Damagaram, sun san irin wannan baƙo: anasara mai keke da hular kaba, wanda ke gaisuwa da Hausar da ya koya cikin ƴan watanni. Da yawansu sun rubuta abin da suka gani bayan komawarsu gida, kuma rubutun nan ya cancanci a ɗora shi a ma'auni.

Misali mai kyau shi ne littafin Peter Chilson, Riding the Demon, wanda ya fito a 1999. Marubucin ya koyar da Ingilishi a Buza daga 1985 zuwa 1987, sa'an nan ya dawo don ya bi direbobin motocin haya a hanyoyin ƙasar. Ƙarfin littafin yana cikin sauraro: ya bar direba ya yi magana a kan hatsari, shingayen jami'an tsaro da iskokin da ake cewa suna tare hanya. Amma da idon tsoro marubucin ya kalli ƙasar, kuma hanya ta rinjayi aji. Mai karatu zai rufe littafin ya san tasha fiye da lakwal.

Wannan rauni ya game yawancin irin waɗannan labarai. Ana tsawaita bayani a kan zafin bazara, ƙurar hunturu, zazzaɓin cizon sauro, kaɗaici da jiran wasiƙa. Duk gaskiya ne, sai dai abin da baƙo ya ɗauka jarrabawa ta shekara biyu, shi ne zaman yau da kullum na abokin aikinsa ɗan ƙasa. Baƙo yana da likita da tikitin komawa. Ɗan ƙasa kuwa, musamman ɗan kwantaragi, albashi yake jira. Ɗalibai ma sukan fito a matsayin taro mai murmushi, ba a ganin yaron da ya baro ƙauyensu ya zauna gidan mai riƙo, ko wanda ke taya mahaifinsa aikin rake a fadama kafin ya buɗe littafi.

Akwai kuma baƙin da aka manta. Malamai daga Dahome, wadda ta zama Benin, da Togo sun riƙe azuzuwa da yawa a Nijar. A ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, an kori ma'aikata ƴan Dahome daga ƙasar. Su ma sun sha kewar gida, sun koyi Hausa a kasuwa, amma labarinsu bai sami maɗaba'a ba.

Batun harshe shi ne babban giɓi. Baƙon yana koyar da Ingilishi ga yaron da ke karatu da Faransanci alhali da Hausa yake tunani. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ba harsunan ƙasa gurbi. Da wuya a ga wannan muhawara cikin labaran baƙi, ko da yake a kanta makomar ɗalibansu ta rataya.

Ba a cewa a watsar da littattafan nan. Idon baƙo yakan hango abin da sabo ya rufe wa ɗan gari. Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kuma ba a auna damina da raɓa. Tsofaffin ɗaliban waɗannan malamai suna nan a Matamaye da Kance, wasunsu sun zama malamai su ma. Ya rage ga ƙungiyoyin al'adu su tattara shaidarsu da Hausa, tun masu tunawa suna raye, don a ji yadda gari ya ga baƙonsa.