Kiɗa A Madadin Baki: Sharhi Kan Wasan "Pride and Prejudice"

A shekarar 1995 gidan talbijin na BBC ya nuna wasan Pride and Prejudice kashi shida, wanda aka ciro daga littafin Jane Austen na 1813. Masu sharhi sun fi karkata ga sutura da taurarin wasan, alhali a ganina kiɗan da Carl Davis ya tsara shi ne ya goya jigon soyayyar.

Elizabeth da Darcy mutane ne da girman kai da kunya suka ɗaure wa harshe, saboda haka kiɗa ke yi musu magana. Davis ya zaɓi tsohuwar fiyano irin ta wancan zamani, Melvyn Tan ya kaɗa ta. Amonta siriri ne, ba ya cika kunne, ya dace da son da ake ɓoyewa.

A dubi fitowar gidan Pemberley a kashi na biyar. Georgiana, ƙanwar Darcy, tana kaɗa wani kiɗa na Beethoven, sai aka ambaci Wickham, wanda ya taɓa yaudararta. Nan take hannunta ya sarƙe. Elizabeth ta yi wuf ta koma kusa da ita da sunan juya mata shafi, kiɗan ya miƙe, ta ɗago ido suka haɗu da na Darcy. Ba wanda ya furta kalmar so, amma mai kallo ya riga ya ji ta.

Inda na ga gazawa shi ne kiɗan zolaya da ke biye da Mista Collins. Ya yi yawa, domin wautarsa ba ta bukatar sanƙira.