A Ɗaga Mota, Amma Kada A Rage Wa Inji Mai

Duk direban da ke lodi daga Rogo zuwa Zarewa, Beli, Fulatan ko Ruwan Bago ya san yadda damina ke barin hanyar burji. Tayoyin manyan motoci su haƙa kwari biyu, tsakiya ta zama tudu. Ƙaramar mota ta sha buhunan masara ta zauna, sai ka ji ƙarfe ya daki dutse. Mai shan wannan duka shi ne kaskon da baƙin mai ke taruwa a ƙasan inji, wanda kanikawa ke kira botom-filet.

Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya riƙa harhaɗawa bayan buɗe shi a 1975 tana da tsayi da juriyar hanyoyinmu. Su Golf da Sharon 'yan Kwatano da suka gaje ta kuwa don kwaltar Turai aka ƙera su. Shi ya sa ɗaga mota ya zama sana'a a garejinmu: a sa sifirin mai ƙarfi, a ƙara masa mazauni. Wannan ba ni da ja a kansa, in ba a wuce gona da iri ba. Abin da nake ƙi shi ne idan kaskon ya fashe, mai walda ya yanke gindinsa ya rufe shi gajere, wai ya kauce wa bugun dutse.

Dabarar ba baƙuwa ba ce. A Ingila, masu haɗa ƙananan motoci da hannunsu, irin Lotus Seven ta 1957 da kamfanin Caterham ya ci gaba da ƙera ta daga 1973, suna rage zurfin kaskon saboda motocin kusan a ƙasa suke. Amma mai yin aikin da kyau ba ya tsayawa a yanka. Yakan faɗaɗa kaskon ta gefe don ya maido da man da aka rasa, ya rage bututun da famfo ke zuƙar mai da shi daidai da sabon zurfin, ya sa shinge a ciki don kada mai ya gudu gefe ɗaya a kwana, sannan ya gyara alamar gejin mai.

Injin Golf lita huɗu ko kusa da haka yake sha. Ka rage masa, ga zafin bazara, ga lodi, ga gangara: man zai yi zafi da wuri, ya tsinke, famfo ya zuƙi iska. Daƙiƙu kaɗan sun isa ƙarafan ciki su ci juna, inji ya buga. Garin neman gira an rasa ido, mai mota ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani injin da kuɗin da bai tanada ba.

Ina ganin ƙimar kanikawanmu, domin da basirarsu amfanin gona ke isa kasuwa. Saboda haka nake roƙonsu su fifita faranti mai kauri da za a ɗaure a jikin mota ƙarƙashin inji, da ɗan rata tsakaninsa da kaskon. In yankan ya zama dole, a auna man kafin aiki da bayansa, a gaban mai motar. Direba kuma ya tambaya kafin ya biya: Oga, lita nawa take sha yanzu?