Nazarin Gida da Harshen Aro

Malamin jami'a a Kano, Zariya ko Sakkwato ya san cewa ƙarin girmansa ya rataya ne a kan maƙalun da ya buga. Jami'o'i da dama kuma sun fi daraja maƙalar da ta fito a mujallar da ke cikin jerin Scopus ko Web of Science, waɗanda galibinsu da Turanci ake buga su. Ke nan wanda ya tattara bayanansa da Hausa a ƙauye, ya yi tunaninsa da Hausa, dole ya sake ƙera komai da harshen da ya koya a aji. Takwaransa na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai nauyinsa biyu ne, don da Faransanci ya yi karatu.

An auna wannan wahala. A 2023, Tatsuya Amano na Jami'ar Queensland da abokan aikinsa sun buga bincike a mujallar PLOS Biology, inda suka ji ta bakin masana muhalli 908 daga ƙasashe 8, har da Nijeriya. Sun gano cewa waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne sun fi ɗaukar lokaci wajen karatu da rubutu, kuma ana mayar musu da maƙala saboda harshe fiye da ninki biyu na masu harshen.

Sai dai a ganina nahawu shi ne ƙaramar matsalar, domin edita na iya gyara shi. Babbar ita ce wa ake rubuta wa. Suresh Canagarajah, wanda ya koyar a Jaffna ta Sri Lanka, ya nuna a littafinsa na 2002 cewa mujallun Amurka da Ingila suna da al'adun rubutu nasu: marubuci ya fito fili tun a gabatarwa ya nuna giɓin da magabata suka bari, sannan ya ce shi ne zai cike shi. Ɗalibin da ya tashi a kan kunyar malamai ba ya faɗar haka cikin sauƙi. Yakan lulluɓe hujjarsa da ladabi, mai tantancewa kuwa ya ɗauka bai da abin cewa.

Akwai kuma shafukan da ke salwanta. Mai nazarin waƙoƙin Mamman Shata ko Narambaɗa da Turanci sai ya ɓata sashe mai yawa yana bayyana wa baƙo su wane ne Hausawa, mene ne matsayin maroƙi a fada. Kafin ya kai ga salon waƙar, adadin kalmomin da mujalla ta yarje masa ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da aka zauna da su aka ɗebi ilminsu ba za su iya karanta sakamakon ba.

Hausa kuwa ta riga ta nuna tana ɗaukar nazari mai zurfi. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Hausa a Rubuce a 1988, Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da Hausa, mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita a Jami'ar Bayero suna buga maƙalu da ita. Abin da nake so kwamitocin ƙarin girma su yi shi ne su ba maƙalar Hausa da ta tsallake tantancewa makinta cikakke, su kuma nemi duk wanda ya buga binciken da ya yi a tsakanin Hausawa da Turanci ya haɗa da tsakure na Hausa.