Littafin Jagora Kan Ciwon Sukari da Azumi: Sharhi Game da Dacewarsa da Likitocin Birnin Kano

Ni ba likita ba ne, malamin koyarwa ne. Saboda haka abin da wannan takarda za ta duba shi ne ko littafin da ake koyar da likitoci da shi ya san majinyacin da ke jiransu a bakin ƙofa.

Littafin da nake nufi shi ne jagorar da ƙungiyar IDF, watau tarayyar ƙungiyoyin ciwon sukari ta duniya, ta fitar tare da ƙungiyar DAR a 2016, aka kuma sabunta shi a 2021. Dalilin rubuta shi a fili yake. Binciken EPIDIAR da aka buga a 2004, wanda ya haɗa ƙasashe 13, ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu na ciwon sun azumci aƙalla kwana 15. Ashe ke nan hani kaɗai ba ya hana mutane azumi, dole likita ya san abin da zai faɗa wa wanda ya riga ya ƙulla niyya.

A nan littafin ya yi rawar gani. Ya ce a karya azumi idan sukarin jini ya faɗi ƙasa da 70, ko ya haura 300, a ma'aunin miligiram. Ya kuma bayyana cewa tsaga yatsa don awo ba ya ɓata azumi, da goyon bayan Muftin Masar. Wannan magana guda, in ta isa kunnen dattijo a Yakasai ko Jakara, ta fi lacca goma amfani, domin da yawa tsoron ganin jini da rana ne ke hana su awo.

Inda nake da ja shi ne ma'aunin haɗari da bugun 2021 ya kawo. Ana ba majinyaci maki bisa abubuwa 14. In jimillar ta wuce 6, sai a ba shi shawarar kada ya yi azumi. Cikinsu akwai tsawon yini, amma sai ya kai awa 16 yake samun maki, alhali azumin Kano bai cika wuce awa 14 ba. Zafi kuwa ba a ware masa maki ba sam. To, azumin 2022 da na 2023 a bazara suka faɗo, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40. Marinin Ƙofar Mata da ke tsaye bakin rijiyar baba tun hantsi, ƙishirwa ce barazanarsa, ba tsawon yini ba. Ma'aunin ya fi tausaya wa mai azumi a Ingila.

Haka kuma ma'aunin ya jingina ga awon HbA1c, wanda ke nuna yanayin sukari na kimanin wata uku, wanda kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2011 a gano ciwon da shi idan ya kai kashi 6.5. Amma ga mai cutar sikila, jajayen ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya. A ƙasar da sikila ta yawaita kamar tamu, likitan da ya haddace lambar bai haddace togaciyar ba zai sallami marar lafiya da albishir na ƙarya.

Sai batun harshe, wanda shi ne fagena. Likita kan ɗauki darasin da Ingilishi, sa'an nan ya shiga ɗakin duba marasa lafiya, alal misali a Asibitin Murtala, ya juya shi zuwa Hausa shi kaɗai, cikin 'yan mintuna. Sunan ciwon ma kansa tarko ne. Wanda aka ce wa yana da "ciwon sukari" sai ya bar sukari ya koma wa zuma, ya ci gaba da tuwon shinkafa da fura hankalinsa kwance, domin a wurinsa abin da ba shi da zaƙi ba shi da laifi. Shi ya sa ɗaci ya zama magani, garahuni da shuwaka suka sami kasuwa a Kurmi. A ganina, taron ƙara wa likitoci sani a Kano ya kamata ya ware zama guda da Hausa zalla, inda kowane likita zai gwada bayyana wa ɗan'uwansa ludayi nawa na kunun tsamiya ya dace da buɗa-baki, da kuma dalilin jinkirta sahur, ɗan'uwan kuma ya yi ta musu da shi kamar yadda majinyaci zai yi.