Kalmar majiyyaci da ƙa'idar mujalla: sharhi a kan Ƙa'idodin Vankuba

1. Gabatarwa

Duk likitan da ya taɓa shirya maƙala don aikawa ga wata babbar mujallar likitanci ya san Ƙa'idodin Vankuba. Asalinsu wani zama ne da wasu editocin irin waɗannan mujallu suka yi a birnin Vankuba na Kanada a 1978. An buga su karo na farko a 1979, kuma kwamitin editocin da ake kira ICMJE ne ke sabunta su har yanzu. Wannan ɗan sharhi zai duba su ne da idon mai nazarin harshe. Abin da muke son nunawa shi ne, ƙa'idodin sun sa mai gadi a kowace ƙofa da kuskure ke iya shigowa, amma sun bar ƙofar fassara a buɗe, alhali a Nijar ta nan yawancin bayanin majiyyata ke shigowa.

2. Abin da ƙa'idodin suka tanada

Tsarin maƙala kashi huɗu ne: gabatarwa, hanyoyin bincike, sakamako da tattaunawa. Dole marubuci ya faɗi wanda ya ba da kuɗin aikin, ya nuna amincewar kwamitin ɗa'a bisa Sanarwar Helsinki ta 1964, kuma an hana shi aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Tun daga 2005, gwajin magani sai an yi masa rajista kafin a ɗauki majiyyaci na farko.

Waɗannan sharuɗɗa abin yabawa ne, kuma ƙasar Hausa ta san dalilinsu. A Kano, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara 200. 11 daga cikinsu suka rasu. Daga baya ya bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan gwajin, aka sa mata kwanan watan baya. Saboda haka ba tsananin ƙa'idodin muke suka ba. Giɓin da ke cikinsu shi ne abin dubawa.

3. Harsuna uku, fassara biyu

Mu ɗauki maƙalar da aka shirya a Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni, ko a cibiyar CERMES da ke nan Yamai. Majiyyaci ya yi bayani da Hausa ko Zabarmanci. An cika takardar tambayoyi da Faransanci, harshen da ake koyar da likitanci da shi a ƙasar nan. Mujallar da ake hari kuwa sau da yawa Ingilishi take so. Ke nan an yi fassara sau biyu. Ta biyun, daga Faransanci zuwa Ingilishi, rubutacciya ce: edita yana ganin ta, masu tantancewa suna iya mayar da ita a gyara. Ta farkon kuwa da baki ake yin ta, a bakin gado ko a zaure, kuma ba ta barin sawu.

Ga misalai. "Zazzaɓi" zafin jiki ne, amma mai cika takarda yana iya rubuta shi a matsayin cutar cizon sauro. "Shawara" alama ce, wato ido ya yi ɗorawa, kuma cututtuka da dama ne ke kawo ta. "Zahi", kamar yadda ake furta shi a nan, ya tattara ciwace-ciwacen ciki da na jiki waɗanda likitanci ke rarraba su gida-gida. Littafin Lewis Wall a kan maganin Hausawa (1988) da wanda Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya, La construction sociale des maladies (1999), sun nuna cewa sunayen cututtuka a bakin jama'a suna da nasu tsarin, wanda ba ya hawa daidai a kan na asibiti.

Matsalar ta kai har ga lissafi. A 2017 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon gwajin rigakafin ƙwayar cutar rota, mai sa yara zawo da amai, wanda aka yi a Madarunfa ta jihar Maraɗi. An yi lissafi da jarirai 3,508, aka samu rigakafin yana rage zawo mai tsanani da kusan kashi 67 cikin 100. Tsananin an auna shi ne da ma'aunin Vesikari, wanda aka ƙirƙiro a Finlan a 1990. Makinsa 20 ne, kuma daga 11 ake cewa ciwo ya yi tsanani. A wannan ma'auni, aman kwana ɗaya maki 1 ne, na kwana biyu maki 2, na kwana uku zuwa sama maki 3. To, idan uwa ta ce "ya kwana biyu yana amai", me za a rubuta? Kowane Bahaushe ya san "kwana biyu" yana iya zama mako guda. Maki ɗaya kuwa ya isa ya tsallakar da yaro daga 10 zuwa 11.

Ba muna tuhumar wannan bincike ba ne. A gwajin da aka raba yara ta hanyar ƙuri'a, kuskuren fassara yana faɗa wa ɓangarorin biyu daidai. Amma idan aka zo kwatanta adadin Madarunfa da na wata ƙasa, sai a tarar ana kwatanta amsoshin tambayoyin da ba a san yadda aka yi su ba. Ƙa'idodin Vankuba, haka ma jerin sharuɗɗan CONSORT da ya fara fitowa a 1996, ba su wajabta wa marubuci ya faɗi harshen da aka yi tambaya da shi ba.

4. Matsayin mai fassara

Tun 2013 sharuɗɗan zama marubuci huɗu ne: ba da gudummawa mai nauyi wajen tsara aikin ko samo bayanai ko nazarinsu, rubutawa ko bitar rubutun, amincewa da zubin ƙarshe, da ɗaukar alhakin aikin. Gyaran harshe kuwa an lissafa shi cikin ayyukan da ladansu godiya ce a ƙarshen maƙala. Wannan ya dace da wanda ya gyara waƙafi da aya. Bai dace da wanda ya yanke hukuncin ma'anar "kwana biyu" ba, don shi ne ya ƙera adadin da kowa zai dogara a kansa. Ƙa'idodin sun ce a ba duk wanda ya cika sharaɗi na farko damar cika sauran. Sai dai wanda ba ya karanta Ingilishi, ina zai yi bitar rubutun?

5. Kammalawa

Ba sai an jira kwamitin ya sake ƙa'idodinsa ba. Marubuci a Yamai yana iya ƙara abu uku a maƙalarsa. Na farko, ya faɗi a sashen hanyoyin bincike harshe da karin harshen da aka yi amfani da su, da wanda ya fassara. Na biyu, a rubuta tambayoyin da Hausa tun kafin fita aiki, wani dabam ya mayar da su Faransanci a gwada da na asali, dabarar da Brislin ya bayyana tun 1970. Na uku, a haɗa zubin Hausar cikin rataye, tun da mujallu da yawa suna karɓar ƙarin takardu ta intanet.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa sashenmu nauyi: haɗa kai da Tsangayar Kimiyyar Lafiya a tattara kalmomin alamomin ciwo da na ƙirgen lokaci, daga Dogon Dutsi zuwa Damagaram, a daidaita yadda ake tambaya da su. In ba haka ba, za mu ci gaba da aika adadi masu kyan gani waɗanda ba wanda zai iya bin sawunsu zuwa bakin da suka fito.