Fim ɗin da ya koyar da rubutu, ya kuma ɓoye shi

Yau fim za mu duba, wato Finding Forrester na shekarar 2000, wanda Gus Van Sant ya ba da umarni. In kana rubutu, ko kana gyara wa wani nasa, wannan fim ɗin ya shafe ka.

Labarin Jamal Wallace ne, yaro ɗan shekara 16 a unguwar Bronx ta New York, gwanin ƙwallon kwando mai ɓoye rubuce-rubucensa. Sai ya haɗu da William Forrester, tsohon da ya rubuta littafi ɗaya tak, ya yi suna, sannan ya kulle kansa a gida. Jamal ya bar jakarsa a ɗakin tsohon, da ta dawo hannunsa kuwa duk littattafansa sun sha jan biro. Daga nan karatu ya fara.

Ka lura da wurin. Ɗakin Forrester a saman bene yake, ga duhu, ga littattafai jibge, shi kuma yana leƙen duniya ta taga da madubin hangen nesa. A ɗaya gefen akwai makarantar masu kuɗi da ta ɗauki Jamal a Manhattan, komai tsaf-tsaf, hotunan manyan marubuta a bango. A ɗakin nan mai ƙura ake yi wa yaron gyara don ya ci gaba. A makarantar kuwa malaminsa Crawford yana gyara ne don ya nuna masa iyakarsa. Wurin kaɗai ya isa ya gaya maka haka.

Sai 'yan wasa. Sean Connery ya fito a tsoho mai faɗa da gatse, amma in ka dubi idonsa za ka ga tsoro, musamman ranar da ya fita cikin cunkoson jama'a ya rikice. Rob Brown kuwa wannan ne fim ɗinsa na farko, bai cika motsi ba, yawancin wasansa sauraro ne. Wasu za su ce ya yi sanyi da yawa. Ni dai na ga haka ya dace da yaron da ya saba ɓoye abin da ya sani.

Inda su biyun suka fi burgewa shi ne musun da suka yi a kan nahawu. Forrester ya ce ba a fara jimla da mahaɗi. Jamal ya ce ana yi, domin yana sa jimla ta fito fili, sai dai in ya yi yawa yana ɗauke hankalin mai karatu. To ka ga, mu ma wannan musun muke yi kullum a kan fara jimla da "amma" ko "kuma". Yaron ya san ƙa'idar, ya san dalilinta, shi ya sa ya san inda zai sassauta ta. Wanda bai santa ba fa, in ya karya, kuskure kawai ya yi.

Kiɗan fim ɗin yawanci jaz ne, akwai busar Miles Davis da ta Ornette Coleman, da jitar Bill Frisell. A hankali yake tafiya, ya dace da kaɗaicin ɗakin. Amma sautin da ya fi aiki shi ne ƙarar tafireta, lokacin da tsohon ya ba yaron wani tsohon rubutunsa ya ce ya fara kwafa har nasa kalmomin su zo. Da kunnenka za ka ji hannu yana ɗari-ɗari, sannan ya saki.

Ga inda nake da ƙorafi. Wannan kwafar ce ta jawo aka zargi Jamal da satar fasaha, har Forrester ya fito daga ɓoyo, ya je makarantar ya karanta rubutun yaron a gaban jama'a. Nan ne ya kamata mu ji abin da jan biron nan ya haifar. Sai me? Mun ji ɗan kaɗan, kiɗa ya taso ya danne muryar, kyamara ta koma kan fuskokin masu sauraro suna jinjina. An ce mana rubutun ya yi kyau, ba a bar mu mun auna da kanmu ba. Fim ɗin da ya yi ta koyar da cewa kowace kalma tana da nauyi, shi ne ya ƙi yarda da kalmomi a lokacin da aka fi buƙatarsu.

Duk da haka ka neme shi ka kalla. In kuma wani ya turo maka rubutunsa ka gyara, ka tuna da malaman nan biyu, ka zaɓi wanda za ka zama kafin ka ɗauki jan biro.